Jegon Kunamar Ruwa

Yaran Dingaya da suka riski Inna Hapsatu, abin da suka sani kawai wata gajeruwar tsohuwa ce mai zama a ƙofar gida tana tsinkar zogale tana zagin awakin maƙwabta. Waɗanda suka ɗan manyanta sun san ita ta yanke musu cibiya. Mu kuwa da muka yi ci-rani da ita a bakin Binuwai mun san abin da ya fi haka, kuma saura mu ƙalilan, shi ya sa na ga gara in faɗa tun bakina yana motsi. Ni ce Zahara'u, mutuniyar Gwaram. Murhun bandata yana jikin nata shekara da shekaru, don haka babu wanda ya kai ni shan faɗanta.

A wancan lokacin, da an gama kaka an zuba dawa a rumbu, kogin garinmu sai ya ja da baya, ya bar yashi da 'yan kududdufai. Mazajenmu masu su ba su iya zaman kashe wando ba. Sai a ɗaure taru da ƙugiyoyi da tukwane, a jira babbar motar da ke tasowa daga Birnin Kudu, ta kwaso na Kangire da na Yalwan Damai, ta zo ta ɗauke mu a Gwaram. Mu bi ta Darazo da Gombe mu sauka Numan, daga nan kwalekwale ya gangara da mu zuwa wani tudu inda muke kafa bukkoki. Wurin shi muke kira tunga. Can muke zama har hadari ya fara haɗuwa, sannan mu dawo gida shuka.

Na fara zuwa ne shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, da goyo a baya da wani tsohon cikin a gaba. A shekarar aka fara tafiya da mata da yawa, saboda maza sun gaji da cin tuwon hannunsu, kuma kifi yana ruɓe musu don rashin masu banda. Inda mata suka taru kuwa dole a nemi ungozoma. Shi ne aka lallaɓa Inna Hapsatu ta biyo mijinta, Baba Sada, wanda ya daɗe yana zuwa shi kaɗai.

'Yar gidan Fulani ce, irin waɗanda suka manta Fulatanci suka riƙe zafin zuciya. Wajen goggonta ta gaji ungozomanci. Kayan aikinta duka a 'yar ƙwarya ɗaya suke: aska, zare, sabulun salo, sai wani tsumma fari tas da ba ta yarda kowa ya taɓa. In tana yi maka faɗa sai ka rantse ba ta ƙaunarka, amma in ta ɗauki jariri, hannun nan mai kaushi sai ya koma kamar auduga. Baba Sada kuma dogo ne, maganarsa sai an roƙa. A duk tungar babu wanda ya kai shi sanin ruwa. In ya dubi wuri ya ce akwai kututture a ƙasa, to kada ka ɓata tarunka, yana nan. Allah bai ba su haihuwa ba, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. 'Yan'uwa sun yi surutu sun gaji, shi bai ƙara aure ba, ita kuma duk matar da ta kuskura ta nuna mata tausayi sai ta yi da-na-sanin buɗe baki.

Ranar da abin ya fara ina cikin jego, tukunyar wankana tana kan wuta. Bazara ce, ruwa ya ja sosai, wani dogon yashi ya fito a ƙasan tunga, ruwan gefensa bai wuce gwiwa ba. Maza suka ja taru a wurin da hantsi, Inna ta tafi da kwandonta karɓo kifin banda. A cikin abin da aka jawo har da kunamar ruwa.

Wanda bai taɓa ganin ta ba, ya ɗauka faifai ne aka busa wa rai. Shimfiɗaɗɗiya ce, launin yashi, idanu a sama, baki a ƙasa, da doguwar wutsiya siririya, a gindin wutsiyar kuma ga ƙari mai haƙora irin na zarto. Binne kanta take yi a cikin yashi, idanun kawai take bari a waje. Wanda tsautsayi ya sa ya taka ta, ya shiga uku. Na ga ƙaton magidanci yana birgima yana kiran uwarsa saboda harbinta. Don haka masunta ba sa ƙaunarta ko kaɗan. In ta shigo taru sai a sare wutsiyar da adda, a wurgar da ita kan yashi. Mai so ya ɗauka ya yi banda, in babu mai so shaho ya samu.

Wannan ma haka aka yi mata. Inna tana tsintar kifi sai idonta ya kai kanta, ta ga bayanta wajen wutsiya ya yi tudu, tudun kuma yana motsi. Ta ajiye kwando ta tsuguna.

"Kai, ku dakata," in ji ta. "Wannan ai naƙuda take yi."

Maza suka kwashe da dariya. Ba su rufe baki ba sai ga wani abu ya sulɓo daga ƙarƙashinta, a naɗe kamar 'yar tabarma. Ya warware a kan jiƙaƙƙen yashi, sai ga ita sak, 'yar ƙarama, faɗinta bai kai tafin hannu ba, har da 'yar wutsiyarta.

Ni ban ga wannan ba, labari aka ba ni. Abin da na gani shi ne Inna ta faɗo bukkata a guje, ta tallabo abu a gefen zaninta, tana haki tana cewa, "Zahara'u, ina ruwan zafin?" Ta ɗebo daga tukunyata ta zuba a ƙwarya, ta sirka da na sanyi, ta gwada da bayan hannunta kamar yadda take yi wa kowane jariri. Ta yi bismilla ta saka 'yar a ciki. Abar ta kaɗa gefenta sau ɗaya, ta sake kaɗawa, shi ke nan ta sandare.

Akwai wani dattijo Barnabas, masunci ne ɗan asalin wurin, shi ya ba iyayenmu izinin kafa tungar tun farko. Yana bakin yashin lokacin, ya biyo ta yana kira, amma ina, ta riga shi. Ya tsaya a bakin bukka ya leƙa ƙwaryar, ya girgiza kai.

"Mama, ai wannan ɗan kogi ne," in ji shi da Hausarsa ta mutanen can. "Ruwan kogi kawai yake so, mai sanyi, da ɗan yashi a ƙasa. Ruwan zafi na ƙafar wanda uwarsa ta harba ne, shi ke kashe dafin."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Ta daɗe tana kallon ƙwaryar, sannan ta ce, "Tun ina budurwa nake wankan jarirai. Ban taɓa kashe ko ɗaya da hannuna ba sai yau." Na so in yi dariya, don kifi ne fa, amma da na ga fuskarta sai dariyar ta koma ciki. Ta ɗauki abar ta kai bayan bukka ta binne, kusa da inda ta binne mabiyiyar yarona.

Daga ranar ta hana kanta sakat. Duk kunamar ruwan da aka jefar matacciya sai ta ɗauko ta farke da askar gyaran kifi, ta tsura ido, mu kuma ta hana mu aiki da kira. "Zo ki gani, Zahara'u, babu cibiya! To ta ina yake ci?" Ta bincika ta bincika, babu igiyar cibiya, babu mabiyiya. Sai wani farin ruwa mai kauri da ta tarar a cikin mahaifar, kamar nonon da aka dama. Ta shafa a yatsa ta shinshina, ta ce, "Ikon Allah. Mu sai an haifa ake ba da nono, ita tun a ciki take shayarwa." Ta gano ƙarin ɗan a lulluɓe yake da wata fata mai laushi, don kada ya yaga uwar wajen fitowa. Ta gane namiji da wasu abubuwa biyu da ke rataye a gindin wutsiyarsa. Ta lura kuma matan sukan zo da tabon cizo a gefen jikinsu, ta ce aikin mazan ne, ta ƙara da wata magana kan maza gaba ɗaya wadda ba zan maimaita ba.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne yawan 'ya'yan. Duk wadda ta farke mai ciki, ɗaya take samu. Wata rana muna gyaran tarwaɗa, ta yaye cikin wata ta nuna mana ƙwai cunkus kamar gero.

"Kun ga wannan, ta zubar ta kama gabanta, ko rabi suka mutu ba ta da asara. Waccan baiwar Allah kuwa ɗaya take ɗauka, ta yi ta fama da shi wata da watanni kamar ku. In aka kashe ta an kashe biyu, an kuma rufe gida."

Ta kuma lura da abu biyu. Masu cikin a gefen yashin nan suke taruwa in bazara ta yi, inda ruwa ba zurfi. Sannan da yawansu ba lokacin haihuwarsu ne ya yi ba, firgitar taru ce ke sa su zubar da cikin, shi ya sa wasu 'ya'yan ke fitowa ba su gama ƙwari ba. Ta je ta sami maza a inuwar da suke ɗinkin taru ta ce su bar yashin har ruwa ya dawo. Suka ce to Inna, an ji. Washegari suka koma suka ja abinsu. Mace ce, baƙuwa ce kamar kowa, kogin ba na ubanta ba ne, babu abin da za ta iya.

Ashe akwai. Ba a jima ba matar Hambali, wani mutumin Kangire, ta haihu. A wajenmu ranar suna ungozoma tana da rabonta, kan rago da ƙafafu, da hatsi da sabulu, kuma babu magidancin da zai yarda a ce ya hana. Hambali ya aiko da kayan, Inna ta mayar. Ya ƙara da turmin atamfa, ta sake mayarwa. Sai ga shi da kansa, hula a karkace, rai a ɓace.

"Inna, laifin me na yi? So kike a ce na ci haƙƙin ungozoma?"

"Ba ka ci ba tukuna. Haƙƙin nawa ne ban faɗa maka ba."

"To faɗi, ko mene ne."

"Ka tabbata? Ga mutane suna ji."

"Wallahi ko mene ne, in dai ina da shi."

"Yashin can na ƙasa. Kada ƙafarka ko tarunka ya taɓa shi har matarka ta yi arba'in. Taka tana jego a ɗaki ana ta lallaɓa ta, su ma na can jego suke yi."

Hambali ya gyara zaman hularsa. Ya riga ya rantse a gaban jama'a. Ya kwashi kan ragonsa ya tafi, abokansa suna binsa da tsiya, suna cewa a dama wa Hambali kunun kanwa, jego ya kama shi.

Masu tsiyar ba su san layi suke bi ba. Duk wanda matarsa ta haihu a tunga, abin da Inna ke karɓa ke nan. Maigidana ma bai tsira ba, da na sake haihuwa ta kama shi. Da surukar Barnabas ta yi doguwar naƙuda, a kwalekwale aka zo aka ɗauki Inna, ta yini a kanta har Allah ya sauke ta lafiya, kuma shi ma dattijon abin da ya biya ke nan, shi da 'ya'yansa. Ga Inna da wayo. In arba'in ta wuce mutum yana shirin komawa yashin, sai ta zo ta zauna a bakin ruwa tana wanke farin tsummanta, tana binsa da kallo kawai. Wata bazarar kuma sai ta bi bukkoki tana gaisuwa. "Ina yaron nan da na yanke wa cibiya bara? Yana tafiya? Madalla. To ka san dai jegon bai ƙare ba." Tun ana gunaguni har abin ya zama jiki. Da zafi ya fara, sai ka ji maza da kansu suna cewa jegon yashi ya kama, a nufi sama da taru.

Kada a ɗauka a banza ta samu. Shekara da shekaru ungozomar tunga guda ba ta ci kan rago ba, ba ta ɗaura atamfar suna ba. Mu muna komawa Gwaram da kwalla da tasoshi, ita tana komawa Dingaya da zannuwan da ta zo da su. Na taɓa ce mata, "Inna, ke kam kifi ya cuce ki." Ta ce in rufe mata baki in juya bandata tana ƙonewa. Kuma duk wanda kunama ta harba a wani wurin, gurinta ake kawo shi, ta tsoma ƙafar a ruwan zafi tana yi masa faɗan me ya hana shi jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗagawa. In kuma wata kunamar mai ciki ta faɗa ƙugiyar wani ta zubar da ɗa a kwalekwale, sai a kawo mata a ƙwarya. Ta tanadi kwatarniya da yashi a ciki, ruwan kogi zalla, tana canjawa a kai a kai. Wasu su mutu, wasu su yi ƙwari ta mayar da su.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mata alkawari ba, shi ne Baba Sada. Da me za ta kama shi? Ba ta taɓa yanke cibiya a gidansa ba. Shi kuma a ganinsa duk shirme ne. In ta dame shi da labarin nonon ciki, sai ya ce, "Kifi dai kifi ne, Hapsatu," ya ci gaba da ɗinkinsa. Bai zuwa yashin ne kawai don mutum ɗaya ba ya jan taru.

Haka muka yi fiye da shekara goma. Wani abin da ko Inna ba ta yi tsammani ba, yashin nan da aka bari sai ya zama matattarar kifi. Karfasa ta yi gidajenta a wurin, ƙananan kifi suka cika gefen, giwan ruwa ya biyo su. Da safe in ka tsaya a kan tudu sai ka ga ruwan yana tafasa. Masu ja a sama da ƙasa da wurin ma suka ga canji a tarunsu, sai dai ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mata ta kyauta.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da kowa ya haukace da sayen rediyo da babur, kifi ya yi tsada a birane, ko ƙaya ka kai kasuwa sai an saya. A shekarar Alhaji Maikano ya sauka a tungarmu. Dillalin kifi ne a kasuwar Birnin Kudu, shi ke sayen bandarmu tun da daɗewa, kuma in faɗi gaskiya ba mugun mutum ba ne. Mai fara'a ne, hannunsa a sake. Ya zo da jirgi mai inji, da tarun roba wanda tsawonsa zai zagaye unguwa, da samari majiya ƙarfi da ya ɗebo daga gida, waɗanda ba su taɓa jin sunan Inna ba. Ya hau tudu da safe ya ga ruwan yashin yana tafasa, ya riƙe baki.

Aka gaya masa labarin jego. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya aika wa Inna da goro da turare, ya ce a gaishe da uwar kifaye. Sannan ya ce jibi zai ja yashin. Barnabas ya je ya yi masa magana, Alhaji ya karɓe shi da mutunci, ya ce kogi na Allah ne, kuma shi bai yi wa kowa rantsuwa ba.

Matsalarsa ɗaya. Gefen yashin cike yake da kututturan da ambaliya ta binne, ga wani rami mai juya ruwa a ƙarshensa. In ba wanda ya san wurin ne ya shiga gaban jirgi yana nuna hanya ba, sabon tarun nan a tsumma zai fito. Ya bi mazan tunga ɗaya bayan ɗaya. Hambali ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, jego nake." Maigidana ya ce jego yake. Har wani tsoho da autansa ya yi gemu ya ce jego yake. Alhaji ya ce bai taɓa ganin garin da maza ke jego ba sai nan. Daga ƙarshe aka ce masa ai duk wahalar banza yake yi, wanda ya fi kowa sanin wurin ba shi da ɗa, ba shi da alkawari.

Ya sami Baba Sada a inuwa, a gaban mutane. Bai yi masa maganar lada ba. Cewa ya yi, "Baba, ka shiga gaban jirgina bana, ka zama shugaban taruna. Ni kuma in Allah ya kai mu, da kai za a tashi Makka."

Kowa a tungar ya san abin da Makka take a zuciyar Baba Sada. Mutumin da ba ya magana, in aka dawo daga aikin hajji sai ya je ya zauna kusa da alhazai yana tambayar yadda Ka'aba take, ya sake tambaya. Ba shi da ɗan da zai biya masa, ƙarfinsa ya fara tafiya, kuma ya san irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya kai mu jibin."

Raina ya ɓaci, na tafi wajen Inna ina ta zuba, ina cewa ta je ta tare shi, ta yi masa irin faɗan da take yi mana. Tana tsugune gaban kwatarniya, don da safiyar ranar aka kawo mata wata 'yar da uwarta ta zubar a kwalekwalen wani, 'yar mitsitsiya, ko motsin kirki ba ta yi. Ba ta ɗago ba ta ce, "In ce masa me? Kowa na riƙe shi da ɗansa. Shi da me zan riƙe shi? Mutumin da ya zauna da ni haka, bai taɓa goranta mini ba, ni ce zan tsaya tsakaninsa da Ɗakin Allah?" Ban taɓa jin muryarta ta yi sanyi irin na ranar ba, kuma wallahi ta ba ni tausayi, duk da na san in ta gane sai ta ci mutuncina.

Washegari da la'asar ina wucewa ta ƙofar bukkarsu, na ji tana cewa bayanta ya riƙe, ruwan kwatarniya kuma ya ɗumama. Ba da shi take ba, da kanta take. Can sai na ga Baba Sada ya fito da tulu, ya gangara kogi, ya wuce inda muke ɗiba ya shiga har ƙugu inda ruwa ya fi sanyi. Ya dawo ya tsuguna yana zubawa a hankali ta gefen kwatarniyar. Ya daɗe a tsugune a wurin. Na ji ya ce, "Ta binne kanta." Inna ta ce, "Tun ɗazu take gwadawa." Ni kuma na wuce.

Ranar da aka sa, tun da sassafe tunga ta fito kan tudu, maza da mata, har mutanen Barnabas daga ƙetare. Samarin Alhaji sun loda taru, inji yana ta ƙara. Inna tana can baya ta harɗe hannu. Baba Sada ya fito da gorarsa ta tuƙi, ya gangara har bakin jirgi. Alhaji ya miƙo masa hannu, baki har kunne.

"Bismilla, Baba, rana tana yi."

Baba Sada bai kama hannun ba. Ya dafa gorarsa ya ce, "Alhaji, ka gafarce ni. Na amsa maka ban san abin da ke gabana ba. Jego nake."

Alhaji ya dube shi, ya dubi mutane, ya ɗauka wasa ne.

"Haba Baba, kai ma? Wa ya haihu a gidanka?"

"Shekaranjiya aka kawo ta. Tana ɗaki a kwatarniya." Baba Sada ya gyara riƙon gorarsa. "Ba mu taɓa samu ba, ka ga ba na fara da karya al'ada ba."

Wani ya fara dariya daga baya, amma ba wanda ya taya shi. Alhaji Maikano ya cire hula ya mayar. Ya san in ya shiga da samarinsa kawai tarunsa ya tafi. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba, ya dai ce, "Ka san abin da ka ajiye, Baba?" Baba Sada ya ce ya sani. Kafin azahar jirgin ya gangara ƙasa neman wata tungar.

Kujerar Makka wani can aka ba. Baba Sada har ya koma ga Allah a Dingaya bai taka ƙasa mai tsarki ba, kuma ban taɓa jin ya ambata ba. Yashin ya ci gaba da jegonsa har shekarun da ƙarfin Inna da mijinta ya ƙare suka daina zuwa. Abin da ya faru bayan nan ban sani ba, masu zuwa yanzu sun ce sai ka yi rani guda ba ka ga kunamar ruwa ba.

Amma a ranar, da mutane suka watse, ina tsaye kusa na ga Inna ta gangaro ta sami Baba Sada yana jingine gorarsa. Ta tsaya a gabansa, kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Malam, Makkan fa?"

Bai dube ta ba. Ya ɗaga kai ya kalli rana ya ce, "Je ki canja wa yarinyar nan ruwa, zafi ya fara."

Ta juya ta ɗauki tulu. Ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, ta bi ta gabana zuwa kogi, kafaɗunta suna rawa.